BABI NA BIYU: TARIHIN CACA DA HANYOYIN DAƘILE TA A ƘASAR HAUSA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen gudanar da shi. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi domin a ga yadda caca ta kasance a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa har ya zuwa yau, da irin matakan da malamai da sarakuna da gwamnatoci suka riƙa ɗauka don daƙile ta. Haka kuma za a duba irin taimakon da wanda jarabar caca ta kama yake samu a kowane zamani.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, a tsawon wannan tarihi hukuma ta fi mayar da hankali ga wurin da ake caca da kayan da ake yin ta da su, shi kuwa mutumin da ya kasa barin ta an bar wa iyalinsa shi. Wannan tsari ya yi amfani gwargwado a lokacin da caca take buƙatar dandali da abokan zama. Yanzu da ta koma cikin wayar hannu, rauninsa ya fito fili.

2.1 Ma'anar Caca da Matsayinta a Musulunci

Caca ita ce duk wata mu'amala da mutane biyu ko fiye za su kasa kuɗi ko wata dukiya, bisa sharaɗin wanda sa'a ta faɗa wa ya kwashe, sauran su tashi hannu rabbana. Abubuwa uku ne ke haɗuwa a cikinta: abin da aka kasa, da sakamakon da ba wanda ya san shi tukuna, da kuma ribar wani wadda ita ce hasarar wani. Saboda haka wasanni irin su dara ba caca ba ne a karan kansu, sai an ɗora musu kuɗi suke zama caca. Kalmar ta daɗe a bakin Hausawa, har ta haifar da salon magana irin su "cacar baki", wato jayayyar da kowa ke neman ya ci ɗan'uwansa.

Kasancewar mafi yawan Hausawa Musulmi ne, duk wani yunƙuri na hana caca a ƙasar Hausa daga addini ya samo tushe. Alƙur'ani mai girma ya kira ta da sunan maisir. Larabawan Jahiliyya sukan yanka raƙumi su raba namansa ta hanyar zaren kibau goma, bakwai masu rabo, uku marasa rabo, kuma waɗanda suka zari marasa rabon su ke biyan kuɗin raƙumin. Hanin ya zo ne daki-daki. A Suratul Baƙara aya ta 219 an nuna cewa zunubin giya da caca ya rinjayi amfaninsu. Daga baya a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91 aka yi umarni da a nisance su baki ɗaya, tare da bayyana dalili, wato haddasa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane da kuma shagaltar da su ga barin ambaton Allah da salla. Akwai kuma hadisi a Sahihul Buhari da ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa caca da ya yi sadaka, ko da ba su kai ga yin ta ba.

Abin lura a nan shi ne haɗa caca da giya da aka yi a wuri guda. Kamar yadda za a gani a gaba, sai a shekarun baya-bayan nan ne likitoci suka sanya su a rukuni ɗaya.

2.2 Caca Kafin Zuwan Turawa

Tsohuwar cacar da aka fi sani a ƙasar Hausa ita ce ta wuri. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa (1703-1731) ne wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 ya riga ya zama kuɗin kasuwa, domin Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a shekarar 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Wuri ya dace da caca ta fuska biyu: shi ne abin da ake kasawa, shi ne kuma abin da ake jefawa. Ɗan caca yakan ɗebi 'yan ƙwayoyi ya watsa a ƙasa, a ƙirga waɗanda suka kife da waɗanda suka faɗi rigingine, da haka ake gane wanda ya ci.

Wuraren da aka fi yin ta su ne gefen kasuwa bayan an tashi, da zangon fatake, da gidajen mata masu zaman kansu. Dukkan waɗannan wurare ne da mutum ke da kuɗi a hannu kuma yake nesa da idon iyayensa. Alamu na nuna cewa fataken goro da sojojin Hausawa sun tafi da kalmar har ƙasar Gana, inda har yanzu jama'a ke kiran wannan ɗabi'a da suna "chacha".

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda aka fara a 1804, shari'a bisa mazhabar Malikiyya ta ƙara ƙarfi a masarautu, an kuma san muƙamin muhtasibi mai kula da kasuwa da ɗabi'un jama'a. Littattafan da alƙalai ke hukunci da su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, sun tanadi abubuwa huɗu da suka shafi ɗan caca. Na farko, caca ba ta da haddi ƙayyadadde, hukuncinta ta'aziri ne, wato horon da alƙali ya ga ya dace. Na biyu, wanda ya shahara da ita ya fita daga sahun adilai, ba a karɓar shaidarsa. Na uku, kuɗin da aka ci haram ne, alƙali ba ya tilasta wa kowa biyan bashin caca. Na huɗu, akwai babin hajru, wato hana safihi tasarrufi da dukiyarsa, a naɗa masa waliyyin da zai riƙe ta yana ciyar da shi daga cikinta har sai ya shiryu. Tushen wannan hukunci yana Suratun Nisa'i aya ta 5.

Wannan na huɗun ya bambanta da sauran, domin manufarsa kare mutumin da iyalinsa. Har ila yau shari'a ta ba matar da mijinta ya kasa ciyar da ita damar kai ƙara gaban alƙali ta nemi a raba auren.

Baya ga shari'a, al'ada ta ƙara nata takunkumin. Idan ana binciken mai neman aure aka gano ɗan caca ne, da wuya a ba shi. Ba a ba shi ajiya, ba a sa shi a adashi, attajiri ba ya ba shi jari. A garin da kowa ya san kowa, wannan kunya ta fi bulala tasiri.

2.3 Zamanin Turawan Mulkin Mallaka (1903-1960)

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris na wannan shekara. Canje-canjen da suka biyo baya sun sauya kamannin caca ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ta kuɗi. An daina amfani da wuri sannu a hankali, anini da kwabo da sule suka maye gurbinsa. Dukiyar da a da sai an ɗora wa jaki, yanzu tana shiga aljihu, ana iya cinye ta a zama ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce aikin albashi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, ga kuma haƙar kuza a ƙasar Jos wadda ta tara dubban leburori daga lardunan Arewa. A barikin soja da sansanonin ma'aikata an sami samari da yawa da ake biya a rana ɗaya, ba iyali a kusa, ba kuma dattijon da za su ji nauyinsa. Ranar biya ita ce ranar caca. Leburan da aka cinye masa albashi dole ya ci bashi ya ƙara zama, maimakon ya koma gida da abin biyan haraji. Daga irin wannan rayuwa ce kalmar "ɗan bariki" ta sami ma'anar da take da ita a yau.

Hanya ta uku ita ce shigowar sababbin kayan caca. Karta ta yaɗu, 'yan wala-wala suka riƙa bin kasuwanni da tashoshi suna yaudarar baƙi, Turawa kuma suka kawo kasa kuɗi a kan sukuwar dawaki a filayen sukuwa na garuruwa irin su Kano da Kaduna. A can Ingila kamfanin Littlewoods ya fara cacar canken sakamakon wasannin ƙwallon ƙafa a 1923, daga baya irin wannan caca ta iso Nijeriya.

Ta fuskar doka, an sami tsari iri biyu. A cikin birni da ƙauyuka, dogarai da 'yan doka na En'e su ke kama 'yan caca su kai gaban alƙali. A bariki da Sabon Gari kuwa dokar laifuffuka ta Turawa ce ke aiki, wadda aka fara kafawa a Arewa a 1904 kafin a faɗaɗa ta ga ƙasar baki ɗaya a 1916. Ita wannan doka ba ta haramta caca gaba ɗaya ba. Abin da ta hana shi ne buɗe gidan caca da gudanar da tambola ba tare da izini ba. Tun daga nan ne aka sami saɓanin da ake fama da shi har yau: a wajen malami caca haram ce ko'ina aka yi ta, a wajen gwamnati kuwa lasisi ne ke raba halattacciya da haramtacciya. Sakamakon haka, wanda ke tsoron dogari a cikin ganuwa sai ya fita waje ya yi abinsa.

2.4 Daga Samun Mulkin Kai Zuwa 1999

Ana gab da samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ta zartar da dokar Final Kod a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. Dokar ta keɓe sashe na musamman a kan gidajen caca da tambola. Sai dai ita ma a kan mai gidan caca da mai sayar da tikiti ta fi tsanantawa.

Shekarun 1970 sun zo da arzikin man fetur da sabon kuɗi, wato naira, wadda aka fara kashewa a Janairun 1973. A wannan lokaci injinan caca da ake kira kalo-kalo suka bazu a otal-otal da mashayu, har yara 'yan makaranta suka shiga ciki. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa dokar soja a 1977 wadda ta haramta shigo da waɗannan injina da mallakarsu da aiki da su. Wannan doka misali ce ta yadda hukuma ke tunkarar matsalar: an kama inji, amma ba a yi wani tanadi ga waɗanda suka riga suka saba da shi ba. Irin waɗannan mutane karta da shagunan canken ƙwallo suna nan suna jiransu.

Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya ƙara canza matsayin caca a idon mutane. A da nishaɗin 'yan iska ake ɗaukarta. Da albashi ya daina isa, sai ma'aikaci da ɗan kasuwa suka fara kallonta a matsayin hanyar fita daga talauci.

A Jamhuriyar Nijar, inda Hausawa suka fi kowace ƙabila yawa, gwamnati ta bi tafarkin Faransa, ita da kanta take gudanar da caca ta hannun kamfanin LONANI. A Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai rumfunan da ake kasa kuɗi a kan sukuwar dawakin da ake yi a Faransa. Ke nan al'umma ɗaya ce mai addini ɗaya, amma a wannan gefen iyaka ana kamu, a wancan gefen gwamnati ce mai shago.

2.5 Dawowar Shari'a da Cacar Wayar Hannu (1999 Zuwa Yau)

Ranar 27 ga Oktoba, 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Jihohi goma sha biyu na Arewa suka bi wannan tafarki. Caca na cikin abubuwan da aka fara hanawa tare da giya da karuwanci. A Kano an kafa Hukumar Hisba bisa doka a 2003 zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, kuma rufe wuraren caca na daga cikin ayyukanta.

Sai dai a daidai wannan lokaci wasu abubuwa suna faruwa waɗanda suka sha gaban dokar. A 2001 wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, a shekarar ce kuma Kessington Adebutu ya kafa kamfanin Premier Lotto wanda aka fi sani da Baba Ijebu. A 2005 gwamnatin tarayya ta yi dokar tambola ta ƙasa tare da kafa hukumar ba da lasisi. Gidajen kallon ƙwallo suka cika unguwanni, matasa suka rabu zuwa magoya bayan ƙungiyoyin Ingila da Sifen. Kamfanin NairaBet ya fara cacar wasanni ta intanet a 2009, Bet9ja ya biyo a 2013, wasu da dama suka shigo bayansu. Da tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, sai ya kasance mutum na iya caca yana kwance a ɗakinsa, ba abokin zama, ba shaida.

Wannan sabuwar caca ta fi ta wuri haɗari domin an gina ta a kan lissafin da kamfani ba ya faɗuwa. Misali, a cacar lambobi ana zaren lamba 5 daga cikin 90. Wanda ya zaɓi lamba biyu yana fatan su fito duka, damarsa kusan 1 ce cikin 400, alhali abin da ake biyansa idan ya ci ninki 240 ne. Ma'ana, a duk naira 400 da jama'a suka zuba, kimanin naira 160 na zama a hannun kamfani. Haka nan wanda ya haɗa wasanni goma a takarda ɗaya, ko da kowane wasa damarsa rabi da rabi ce, damar takardar ta ci 1 ce cikin 1,024. Ga kuma wasannin kwamfuta da ake kammalawa cikin 'yan mintoci, dare da rana, waɗanda ba sa ba mutum sararin da zai tsaya ya yi tunani.

A watan Oktoba na 2024 Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo 30 a Kano.  Ranar 22 ga Nuwamba, 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta yanke hukunci cewa dokar 2005 ba ta da hurumi a jihohi, a Abuja kaɗai za ta yi aiki, domin sha'anin caca na majalisun jihohi ne. Wannan hukunci ya ba jihohin da ke bin shari'a cikakken ikon rufe shaguna. Amma ikon jiha a kan shago yake tsayawa. Manhajar da ke cikin waya tana aiki a Kano kamar yadda take aiki a Legas.

2.6 Taimakon Wanda Jarabar Caca ta Kama

2.6.1 Hanyoyin Gida

Tun asali iyali ne ke ɗaukar nauyin ɗan caca, domin Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Matakin farko nasiha ce daga uba ko kawu ko yayan mutum. Idan ba ta yi ba, sai a kai shi gaban malami a yi masa wa'azi da addu'a, a ba shi rubutu ya sha, wani lokaci a sa shi ya yi alkawari a gaban dattawa. Wasu iyaye kan raba shi da abokai ta hanyar tura shi wani gari wurin dangi, ko su haɗa shi da ubangidan da zai riƙe masa kuɗi. Wasu kan yi masa aure da fatan nauyin iyali zai natsar da shi, wanda sau da yawa matar ce ke ɗanɗana kuɗarsa, domin kayan ɗakinta ne ake fara sayarwa. Idan ta yi yaji, zuwa biko kan zama lokacin da iyayenta ke gindaya masa sharaɗi.

Ƙarfin waɗannan hanyoyi shi ne mutum yana cikin jama'arsa, ana kuma raba shi da kuɗi da wurin caca. Rauninsu shi ne duk sun dogara ga a gane yana yi. Mashayi ana jin warinsa, ana ganin tangaɗinsa. Ɗan cacar waya kuwa sai jarin shago ya ƙare, ko kuɗin makaranta sun ɓace, ko masu bin bashi sun zo ƙofar gida, sannan asiri ke tonuwa.

Iyalan da abin ya fi ƙarfinsu kan kai kangararrun 'ya'yansu gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu a ɗaure da sarƙa, aka kuma rufe wasu a Daura da Kano da wasu garuruwa. Yawan mutanen da aka samu ya nuna irin buƙatar da iyaye ke da ita ta wurin da za a taimaka musu, da kuma rashin wurin kirki da za su nufa.

2.6.2 Hanyoyin Asibiti

A ƙasashen Turai da Amurka ma an daɗe ana kallon caca a matsayin lalacewar hali kawai. A 1957 aka kafa ƙungiyar Gamblers Anonymous a birnin Los Angeles, inda waɗanda suka kamu ke haɗuwa suna ƙarfafa wa juna gwiwa ba tare da bayyana cikakken sunansu ba. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a kundinta na cututtuka, a 2013 kuma ta mayar da ita rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta sanya ta a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022, ta kuma ƙiyasta a 2024 cewa kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutanen duniya na fama da ita.

Alamomin da likitoci ke dubawa sun haɗa da ƙara yawan kuɗin da ake kasawa don a ji daɗin da aka saba ji, da yunƙurin bari a kasa, da komawa don a rama abin da aka rasa, da ƙarya ga iyali, da dogaro ga wasu su biya bashi. Komawa ramuwa ita ce ta fi halaka mutane, garin neman gira a rasa ido. Maganin da aka fi amfani da shi zama ne da masanin halayyar ɗan'adam don gyara tunanin mutum game da sa'a, tare da miƙa ragamar kuɗinsa ga wani amintacce, da tsara biyan bashi, da kuma kula da ciwon damuwa, domin haɗarin kashe kai yana da yawa a tsakanin waɗanda bashin caca ya yi wa katutu. A Ingila an ƙara da rajistar GAMSTOP a 2018, wadda mutum ke sa sunansa don a toshe shi daga duk kamfanonin caca na intanet masu lasisi, aka kuma hana caca da katin bashi na banki a 2020. Idan aka lura za a ga cewa waɗannan matakai suna kama da hajru, sai dai a nan mutum ne ke neman a yi masa da kansa.

A Arewacin Nijeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri da Dawanau ta Kano, ga sassan kula da ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Duk da haka abubuwa biyu na hana ɗan caca zuwa. Na farko, jama'a na ɗaukar waɗannan asibitoci a matsayin na mahaukata. Na biyu, a jihar da caca laifi ce, neman taimako tamkar amsa laifi ne. Mai shan ƙwaya yana da hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, da ke haɗa kamu da ba da shawara. Jihohin da suka haramta caca kuwa ba su da hukumar lasisi da za ta tilasta wa kamfanoni toshe wanda ya nemi a toshe shi, domin a idon dokarsu babu cacar da za a tsara.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin caca a ƙasar Hausa daga zamanin wuri zuwa na karta da kalo-kalo, har zuwa na wayar hannu. An ga cewa a kowane zamani an yi hani, kuma hanin ya yi amfani wajen rage caca a bainar jama'a da kare yara daga ganinta a matsayin abin yi. An kuma ga cewa duk lokacin da aka toshe wata kafa, caca kan sake kama ta ɓullo ta wata, kuma kowace sabuwar kama ta fi ta baya ɓoyuwa.

Abin da tarihin ya nuna an yi sakaci da shi shi ne mutumin da ya riga ya kamu. Amma kayan aikin taimakonsa ba baƙi ba ne ga al'ummar Hausawa. Fiƙihun Malikiyya yana da hajru don kare dukiyarsa da ta iyalinsa. Yana kuma halatta a biya wa mutum bashi daga zakka ko da ta hanyar saɓo ya ci shi, matuƙar ya tuba, ga shi kuma jihohi irin su Kano suna da hukumomin zakka. Hisba na da sashen sulhu inda matan aure ke kai kukansu, wanda nan ne matsalar caca kan fara bayyana. Asibitoci na da likitocin da suka san cutar. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan ɓangarori, ta yadda saurayin da ya cinye jarin ubangidansa, ko magidancin da ya sayar da kayan ɗakin matarsa, zai sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa cikin sirri ba tare da fargabar kamu ko tozarci ba.

A babi na gaba za a duba yadda Hausawa suka siffanta ɗan caca a cikin karin magana da kirari da waƙoƙin baka, domin a ga yadda wannan kallo yake taimakawa ko yake hana shi neman magani.